Kuɗin Ɓoye Tsakanin Miji Da Mata: Ina Iyakar Rufin Asiri?

Godiya ta tabbata ga Allah Masanin ɓoye da bayyane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Bayan haka:

Duk wanda ya saba halartar jana'iza a Maraɗi ko Damagaram ya san sanarwar da ake yi kafin a watse: wanda yake bin mamaci bashi, ko wanda mamaci yake bi, ya zo ya ga iyalinsa. Mutane da yawa suna jin wannan magana kamar al'ada ce kawai. Amma a wasu gidaje, bayan sadakar bakwai, wani yakan zo da takarda a hannu, sai matar da ke cikin takaba ta ji a karon farko cewa gidan da take zaune a ciki yana jingina, ko kuwa kayan da suka cika shagon mijinta na wani ɗan kasuwa ne. Haka kuma akan samu mace ta rasu, tana da zubi mai yawa a wurin uwar adashi, ko tumaki a hannun wani a ƙauye, ba mijinta ya sani ba, ba ƴaƴanta ba. Idan wanda abin ke hannunsa mai tsoron Allah ne ya kawo, idan ba haka ba haƙƙin marayu ya tafi ke nan.

Wannan ne ya sa tambayar ta cancanci a zauna a kanta: shin ya halatta miji ya ɓoye wa matarsa abin da yake samu, ko mata ta ɓoye wa mijinta abin da ta tara? Idan ya halatta, ina iyakarsa?

Bahaushe yana da kalma guda da ta haɗa dukiya da sirri. Idan mutum yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba, sai a ce yana da rufin asiri. Talakan da ya iya riƙe gidansa, maƙwabta ba su san ranar da aka kwana da kunu ba, shi ma asirinsa a rufe yake. Wannan rufi abin nema ne, ana roƙonsa a addu'a safe da yamma. Sai dai rufin asiri kamar rufin ɗaki yake: an yi shi ne don ya kare na ciki daga rana da ruwa da idon waje, kuma miji da mata duka a ƙarƙashinsa suke. A aya ta 187 ta Suratul Baƙara Allah Ya siffanta ma'aurata da cewa kowannensu tufa ne ga ɗan'uwansa. Tufa tana rufe jiki daga idon mutane, amma ita ta san tabon da ke jikin, domin a kansa take kwance.

Aljihu biyu a gida ɗaya

Kafin a zargi kowa, ya kamata a san cewa shari'a ba ta haɗe dukiyar miji da ta mata wuri ɗaya ba. Sadakin mace nata ne, gadonta nata ne, ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin da take yi tata ce. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana kuwa suna kan miji, ko da matar ta fi shi arziki. Zainab, matar Abdullahi ɗan Mas'udu (RA), ta aika Bilal ya tambayar mata Annabi (SAW) ko abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta zai zama mata sadaka, aka ba ta amsa cewa lada biyu take da shi, na zumunci da na sadaka. Da dukiyar tata haƙƙin miji ce, da ba a kira abin da ta ba shi sadaka ba.

A mazhabar Imamu Malik akwai ƙaidi guda da Mukhtasar na Shehu Halil ya kawo a babin hana tasarrufi: idan matar aure za ta yi kyauta ko sadaka da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarta, mijinta yana da ikon hanawa. Amma saye da sayarwarta da juya kuɗinta ba su buƙatar izininsa. Haka shi ma miji, babu nassin da ya wajabta masa ya karanta wa matarsa adadin albashinsa ko ribar shagonsa.

Al'adar ƙasar Hausa ma a kan haka ta ginu. Akwai gandu, gonar gida da ake ci daga gare ta, akwai kuma gamana, ƴar gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Akwai rumbun maigida, akwai tukunya ko akwatin uwargida. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, sun samu karɓuwa ne domin sun tarar da mata sun riga sun san zubi da asusu. Saboda haka samun aljihu biyu a gida ba laifi ba ne. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da kowane aljihu ya fara tsoron ɗayan.

Abin da ɓoyo yake ci

A ɗauki misalin wani magidanci mai shago da matarsa mai suyar ƙuli-ƙuli. Kasuwa ta yi masa kyau, ya ajiye jika 60 a wayarsa, amma bai faɗa ba, don yana tsoron in ta ji za ta nemi ƙarin kuɗin cefane. Ita kuma ta kwashi adashin jika 40, ta yi shiru, don ta san halinsa: ranar da ya ji tana da kuɗi, ko ya rage na cefane, ko ya ce ta ranta masa, rancen da ba ya dawowa. Kaka ta yi, hatsi ya yi araha. Ta ce masa: "Malam, da an sayi buhu an ajiye tun yanzu." Ya ce: "Allah zai kawo, yanzu hannuna babu." Ta san akwai, shi ma yana zargin tana da, amma kowa ya kama bakinsa. Damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau, sai ga su suna awon tiya-tiya da tsada. Bambancin kuɗin kaka da na tsakiyar damina, shi ne ladan da suka biya wa ɓoyo, kuma daga kwanon yaransu aka cire shi.

Masana tattalin arziki sun auna irin wannan asara. A 1996 Christopher Udry ya fitar da bincike a kan manoman Burkina Faso, ya gano cewa a gida ɗaya, shuka iri ɗaya, shekara ɗaya, gonar mace tana ba da amfanin da ya gaza na gonar namiji da kusan kashi 30 cikin 100, domin taki da hannun aiki sun fi tafiya gonar namiji. Ya lissafa cewa da an raba su yadda ya dace, da gidan ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100 na abin da yake girba, ba tare da an ƙara ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. A Kamaru kuma, wani bincike da aka buga a 2011 ya tarar da mutanen da suke da ajiya amma suna cin bashi mai ruwa, don kawai a ga kamar ba su da komai, masu roƙo su ƙyale su. Mutum ya yarda ya yi asara don kada a san yana da shi. Wannan yana nuna cewa ɓoyo ba kyauta ake yinsa ba, kuma wanda ya yarda ya biya kuɗinsa, akwai abin da yake gudu wanda ya fi kuɗin ciwo a wurinsa.

Abin da ake gudun nan a gidan aure sananne ne. Mace tana tsoron saki na dare ɗaya, ta fita da ƴan kwanukanta. Tana tsoron in ta ɗauke wa miji nauyin gida, rarar da ya samu da ita zai yi mata kishiya. Tana tuna kayan ɗakin ƴarta da za a tambaye ta ranar aure. Namiji kuma yana tsoron raini in aka san kasuwa ta karye masa, yana tsoron bukatun biki da anko in aka san ta buɗe, yana tsoron maganar ta fita daga ɗaki ta isa dangi. Wasu daga cikin waɗannan tsoro gaskiya ne, wasu waswasi ne, amma duka suna haifar da abu guda: mutum biyu suna kwana a ɗaki ɗaya kowa yana gadin kansa.

Lokacin da ɓoyo yake zama kariya

Mai adalci ba zai ce kowane ɓoyo ɓarna ne ba. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, akasari a hannun mata, wata biyar a jere. Wasu sun karɓa a hannu a bainar jama'a, wasu ta wayar salula. Jenny Aker da abokan aikinta, waɗanda suka bi diddigin rabon, sun tarar cewa gidajen da kuɗin ya shigo ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abin ci. Daga cikin dalilan da suka kawo akwai lokacin da matan suka rage na tafiya da jiran layi, da kuma ƙarin ta-cewa da suka samu a gida, tunda kuɗin ya iso ba a kan idon kowa ba. A nan ɗan sirrin da mace ta samu ya koma cikin tukunya.

Shari'a ta riga ta san wannan hali. Hindu ƴar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi (SAW), cewa mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta sai abin da ta ɗauka bai sani ba. Annabi (SAW) ya ba ta izinin ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka saba. Buhari da Muslim duka sun ruwaito shi daga Nana A'isha (RA). Abin lura shi ne izinin yana da sababi, wato tauye haƙƙi, yana kuma da iyaka, wato isa. Bai zama ƙofar da kowace mace za ta riƙa laluben aljihun miji don zubin adashi ko kayan biki ba. Haka kuma matar da mijinta ɗan caca ne ko mashayi, ta ɓoye jarinta don yaranta su ci, ba ta ci amanar kowa ba, dukiyarta ta tsare daga ɓarna.

Amma irin wannan ɓoyo magani ne, kuma ba a shan magani sai da cuta. Gidan da mace ba ta iya ciyar da yaranta sai ta ɓoye, hukuncin ya wanke ta, amma ya tuhumi mijin.

Ma'aunin da ya raba sutura da ha'inci

Daga abin da ya gabata ma'auni yana fita. Tambayar da mai ɓoyo zai yi wa kansa ita ce: haƙƙin wane ne a cikin abin nan da na rufe? Idan nasa ne shi kaɗai, kuma saninsa ba zai canza wa abokin zamansa wani hukunci ko wata shawara da ta shafi rayuwarsa ba, to sutura ce, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Idan kuwa akwai haƙƙin ɗayan a ciki, ko kuwa ranar da abin ya fashe a kansa zai faɗo, to ha'inci ne ko da an kira shi da suna mai daɗi. A bisa wannan ma'auni, abubuwa uku ba su karɓar ɓoyo.

Na farko bashi da jingina. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu kunya a cinsa don bukata. Amma ana fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado, don haka yana taɓa tumunin takabar mace, wato kashi ɗaya cikin takwas idan akwai ƴaƴa, yana taɓa rabon marayu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. An taɓa kawo gawa, Annabi (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda ƴan dinaran da ake bin mamacin, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Shi kansa Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir, kuma a ruwayar Buhari wadda ta ba da wannan labari ita ce matarsa, Nana A'isha (RA). Ta san da bashin, ta san adadinsa, ta san inda sulken yake. Wanda ya fi kowa daraja bai ga raini ba a cikin iyalinsa su san ana binsa.

Na biyu amanar mutane. Kuɗin masallaci ko na zawiya da ke hannun mutum, jarin abokin ciniki, zubin mata da ke wurin uwar adashi, saƙon da ɗan bida ya turo daga Abijan ko Libiya a ajiye masa: idan abokin zama bai san ba na gidan ba ne, ranar mutuwa za a raba su a matsayin gado, magada su ci haram ba su sani ba.

Na uku duk abin da ya taɓa ciyarwa. Malamai sun ce ana auna ciyarwa da ƙarfin miji da halin matar da al'adar gari, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta umarci mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Saboda haka mijin da ya samu buɗi ya ɓoye don ya ci gaba da ba da cefanen lokacin ƙunci, bai yi ƙarya da baki ba, amma ya tauye mudu. Mai mata biyu da yake ba ɗaya a ɓoye abin da ya hana ɗayar daga cikin haƙƙin da ya wajaba, shi ma nan ya faɗa. Haka matar da take tsakurar kuɗin cefane tana zubi da shi alhali miji bai gaza ba, tana ce masa kaya sun yi tsada, ta ci abin da aka ba ta amana.

Abin da ya shafi murid musamman

Ɗan ɗariƙa yana da wata ƙofa da Shaiɗan yake shigo masa ta ita wadda ba kowa ke da ita ba. An koya masa ɓoye aiki don tsare ikhlasi, ya kuma ji falalar mai sadakar da hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Wannan gaskiya ne. Amma sai a samu ɗan'uwa ya tara kuɗin ziyarar Kiota ko Kaulaha a ɓoye, ko ya kai hadiya mai nauyi, alhali an koro yaro daga lakwal saboda kuɗi, takardar maganin uwargida kuma tana ninke a aljihunsa kwana huɗu. Idan ta yi magana ya ce mata ba ta da tawakkali. Sadakar ɓoye da aka yaba ita ce wadda aka yi da rarar mutum, bayan ya sauke wajibi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa a cikin dinaran da mutum yake kashewa ta hanyoyin alheri, wanda ya kashe wa iyalinsa shi ya fi lada. Shehunan tarbiyya ba su taɓa koyar da a gina nafila a kan rushe farilla ba, kuma hadiyar da aka ciro daga haƙƙin mace, mai ita yana nan yana jira ranar hisabi.

Tawakkali ma ba ya hana lissafi. Ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a shekara ta 243 bayan hijira, ya samu laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi. Murid da yake ƙirga lazimi da carbi safe da yamma ba tare da ya tsallake ƙwaya ɗaya ba, bai kamata a ce bai san nawa matarsa take binsa ba. Kuɗin da ya karɓa a hannunta da sunan rance bashi ne kamar na kowane ɗan kasuwa, aure bai shafe shi ba, sai in ita ta yafe da daɗin rai, ba don kunya ko tsoro ba.

Muraƙaba kuwa ita ce mutum ya zauna da sanin cewa Allah yana ganinsa. Wanda ya samu wannan, gwajinsa a nan mai sauƙi ne: ya ɗauka matarsa ta buɗe saƙonnin kuɗin da ke wayarsa yau da dare. Idan abin da za ta gani zai ba ta mamaki kawai, kamar taimakon da yake yi wa wata gwauruwa a unguwa daga rararsa, babu komai. Idan kuwa zai sa ta gane cewa an cuce ta, to tun kafin ta gani Wanda ya fi ta ya gani.

Wa zai fara?

Tunda tsoro ne yake haifar da ɓoyo, wa'azi kaɗai ba ya kashe shi, sai an cire abin tsoron. Wanda ya fi ƙarfi a gida shi ya kamata ya fara, kuma a mafi yawan gidaje miji ne, domin saki a hannunsa yake, ciyarwa a wuyansa take. Ya yanka kuɗin cefane sananne wanda ba ya raguwa don an ga ta yi ciniki. In ya ranta ya biya a ranar da ya faɗa, ko da dala biyar ce. Ya rubuta abin da ake binsa da abin da yake bi da amanar da ke hannunsa, ya nuna mata inda takardar take, domin hadisin Ibnu Umar (RA) ya kwaɗaitar da kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Idan zai ɗauki shawarar da za ta girgiza gidan, kamar sayar da gona ko tafiya bida ko ƙarin aure, ta ji daga bakinsa kafin ta ji a gidan biki.

Ita ma tana da nata rabon. Abin da miji ya faɗa mata na samu ko na rashi ya tsaya a ɗaki, kada ya isa wurin ƙawaye, kada kuma ya zama abin gori ranar faɗa. Namijin da aka yi wa gori da karayarsa sau ɗaya ba ya sake faɗa. Ba dole ne ta faɗi adadin abin da ta tara ba, amma ya kamata wani amintacce ya san inda yake, don kada ya salwanta a bar ƴaƴanta da hannu wofi.

Amana irin wannan ba a rana ɗaya take ginuwa ba. Matar da aka cinye wa jari sau uku ba za ta buɗe akwatinta don an yi mata magana mai daɗi a dare ɗaya ba, kuma ba ta yi laifi ba in ta jira ta ga biya na farko da na biyu. Mai haƙuri a kan wannan yana cikin mujahada kamar mai tsayuwar dare, domin nafsu ta fi jin zafin fito da abin da ke aljihu a kan ƙara raka'a.

Allah Ya rufa wa ƴan'uwa asiri duniya da lahira, Ya sanya albarka a cikin abin da suke samu, Ya tsare su daga cin haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinsu, Ya biya wa masu bashi bashinsu tun suna raye, Ya sanya natsuwa da jin ƙai tsakanin ma'aurata, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.